Giya a Ƙasar Sakkwato: Daga Tukunyar Burkutu Zuwa Kasuwar Mami

Birnin Sakkwato ba shi da kamfanin giya, kuma ba a ganin mashaya da allonta a bakin titi. Duk da haka giya tana da dogon tarihi a ƙasar da birnin yake shugabanta, tun kafin Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809. Daga cikin hukumomin da suka yi mulki a nan cikin shekara ɗari biyu akwai huɗu: Daular Usmaniyya, Turawan Ingila, gwamnatin Jihar Arewa, da gwamnatocin jiha na zamanin shari'a. Kowacce ta hana giya, kuma kowacce ta bar mata wani lungu. Abin da ya riƙa canzawa shi ne inda lungun yake, da wanda aka yarda ya shiga.

Giyar asali ta ƙasar Hausa ta hatsi ce, galibi jar dawa, wani lokaci a haɗa da gero. Wadda aka fi sani ita ce burkutu, mai kauri da tsami. Akwai kuma pito, wanda ake tacewa ya fi ta tsinkewa. Aikin burkutu yakan ci kusan mako guda. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame ta, a shimfiɗa a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. Sai a shanya tsiron, a niƙa, a dama, a ɗora a manyan tukwane. Bayan dahuwar farko akan bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a sauke ya huce, sannan a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya. Daga nan tukunya za ta kama tafasa da kanta babu wuta, tana kumfa, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ta isa sha. Dusar da ta rage ta dabbobi ce.

Burkutu ba ta ajiyuwa. Idan ta nuna aka bar ta kwana biyu ko uku, tsami ya ci ƙarfinta, sai zubarwa. Wannan hali nata shi ya tsara yadda ake shan ta. Wadda ta dafa tukunya goma dole ta san ranar da jama'a za su taru, saboda haka giya ta bi kalandar ƙauye: ranar kasuwa, ranar gayya, bikin aure, zaman makoki, bukin kaka bayan an kai amfani gida. Manomin da ya kira gayya yakan biya masu taya shi noma da tuwo da giya. Ana zama a da'ira, ƙoƙo yana zagayawa, babba ya fara sha kafin yaro, kuma wanda ya wuce gona da iri yana yin hakan ne a gaban iyayensa da surukansa. Dahuwa kuwa sana'ar mata ce, daga ita suke tara abin hannunsu, kamar yadda matan birni suke tarawa daga fura da ƙuli-ƙuli.

Masu wannan al'ada su ne Hausawan da ba su musulunta ba, waɗanda ake kira Maguzawa a ƙasashen Kano, Katsina da Zazzau, a yamma da arewa kuma Arna ko Azna. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, da Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin ƙasar Maraɗi, duk sun nuna yadda giya ta shiga tsafi da zumunci a wurinsu. Bori ma ya adana hoton: cikin iskoki akwai Sarkin Arna, wanda aka san shi da shan giya. A kudancin tsohuwar Jihar Sakkwato, Dakarkarin ƙasar Zuru da Kambarin ƙasar Yawuri suna da tasu dahuwar, kuma bukin Uhola na Zuru bukin kaka ne da giyar dawa take da gurbi a cikinsa. Waɗannan ƙasashe suna ƙarƙashin Sakkwato a tsarin jiha har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi.

Jihadin 1804 ya sa giya cikin jerin abubuwan da ake tuhumar sarakunan Haɓe da su. A Kitabul Farƙ, inda aka bambanta mulkin Musulunci da na kafirci, an zarge su da cin abin da suka ga dama da shan abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba. Hukuncin kuma a fili yake a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce duk abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma haddin mai sha bulala 80 ne, ya bugu ko bai bugu ba. Har ta ambaci hanin jiƙa abin sha a cikin duma, saboda saurin juyawarsa. Wannan hani yana da ma'ana ga duk wanda ya san kunun zaƙi, domin shi ma hatsi ne da aka jiƙa aka bari ya ɗan yi tsami, kuma abin da ya raba shi da ƙanwarsa burkutu bai wuce yawan tsiro da yawan kwana ba.

Amma daular ba ta bi Maguzawa gida gida tana fasa tukwane ba. An ba su matsayin 'yan amana, suna biyan jiziya, suna noma, suna dafa giyarsu a ƙauyukansu. Haramcin na Musulmi ne, kuma na birni ne. Ga mutumin birni, goro ne ya zama abin marmari na halal. Fatake suna ɗauko shi daga Gwanja, tafiyar watanni, kuma shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna, shi ake kai wa malami da basarake. Yawancin aikin da ƙoƙon giya yake yi a ƙauyen Arna, na ƙulla zumunci da girmama na gaba, goro ne ya ɗauke shi a cikin ganuwa.

Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, kuma sun zo da nasu haramcin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta wajabta wa ƙasashen Turai hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, musamman na Musulmi. Gwamna Lugga ya riƙe wannan da ƙarfi, wani ɓangare don ya faranta wa sarakuna, wani ɓangare don yana ƙyamar cinikin barasar da baitulmalin Kudu ya dogara da harajinta. Dokar giya ta 1917 ta raba Nijeriya kashi kashi, mafi yawan Arewa ta faɗa yankin da aka hana. Sai dai haramcin yana da ƙofofi. Bature yana shan abinsa a gidansa da kulob ɗinsa. Akawu ko ɗan kasuwa daga Kudu yana iya samun izini. Burkutu kuma, da yake ba a jirgin ruwa ta zo ba, an bar ta ga ƙauyukan da ba na Musulmi ba da kewayen barikin soja. Masanin tarihi Simon Heap ya nuna yadda fasa-ƙwaurin barasa ya riƙa bin layin dogo zuwa Arewa duk da dokar.

A nan Sakkwato ta bambanta da Kano da Zariya. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka birnin bai samu Sabon Gari mai girma da otal-otal irin na Kano ba, inda unguwa guda ta zama sananniyar matattarar mashaya. Baƙi sun fi yawaita daga baya: kamfanin siminti na Kalambaina a shekarun 1960, zaman birnin hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da jami'ar da aka kafa a 1975. Kasancewar fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu a tsakiyar gari ya sa duk abin da za a yi na sha, a gefe ake yin sa, da sassauta murya.

Giyar kwalba ta zo da wani sabon mashayi. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna a 1963. Wanda ya riƙe kwalba a wancan zamani ba manomin ƙauye ba ne. Ma'aikaci ne mai albashi, ɗan boko, direba, soja, kuma sau da yawa Musulmi. Adabin Hausa ya kama wannan rikici ta fuska biyu. Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙarsa ta Giya a shekarun 1950 yana faɗa da ɗabi'ar, yana lissafa yadda take cinye dukiya da mutunci. Mamman Shata kuwa ya yi A Sha Ruwa, wadda ta zama taken mashaya, kuma har yau ana muhawara kan ko yabo yake yi ko zambo. Gwamnatin Sardauna ta bi hanyar da daula ta bi tun farko. Dokar Penal Code da ta fara aiki a 1960 ta sa shan giya laifi ne ga Musulmi kaɗai, da tara ko ɗan gajeren ɗauri, tare da bulalar haddi wadda manufarta kunyatarwa ce fiye da azabtarwa. Wanda ba Musulmi ba sai ya yi maye a bainar jama'a doka take hawa kansa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne dangantakar manomin Arewa da kamfanonin giya. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Irin dawar da cibiyar binciken noma ta Samaru ta inganta ya shiga tukwanen ƙarfe na Legas da Kaduna. Dawar da aka auna a kasuwannin hatsi na Arewa, wadda mai ita ba zai taɓa kusantar mashaya ba, tana iya ƙarewa a cikin kwalba. Daga masana'antun nan ne kuma Maltina da Malta Guinness suke fitowa, waɗanda babu maye a cikinsu, kuma da wuya a yi walima ko buɗa-baki na masu hali a Sakkwato ba a jera su ba.

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoba 1999, Sakkwato ta bi sahu a 2000 a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Haddin bulala ya dawo cikin dokar jiha, sayar da giya a fili ya ƙare. Lungun da ya rage shi ne filin gwamnatin tarayya, wato bariki. Kasuwar mami ta barikin Giginya, kamar takwarorinta a sauran jihohin shari'a, tana wajen ikon hukumomin jiha a aikace. Abin dariya a nan shi ne matar da ake danganta sunan kasuwar da ita, Mammy Ochefu, ba giya ta fara sayarwa ba a barikin Inugu a ƙarshen shekarun 1950. Wani irin kunu ne na ƙasar Idoma. Lungu na biyu shi ne iyaka. Daga Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kuma da an tsallaka sai Birnin Ƙonni, inda dokar Nijar ba ta hana mashaya ba. Garuruwan iyaka na Nijar sun ga ƙaruwar irin waɗannan baƙi bayan 2000, abin da bai yi wa malaman can daɗi ba. A Nuwamban 2000 masu zanga-zanga suka ƙona mashaya a Maraɗi.

Buƙatar da mashaya take biya a wasu ƙasashe, ta wurin da namiji zai zauna bayan aiki ya ji labari ya yi gardama, a Sakkwato majalisa ce take biyan ta. Tabarma ko benci a ƙofar gida bayan la'asar ko bayan isha'i, kowa da wurin zamansa, kowa ya san wanda bai zo ba. Teburin mai shayi yana yin wannan aiki ga ɗan acaba, ɗalibi da baƙo, da burodi da ƙwai da rediyo. Samari sun ɗauki shayin Buzaye, mai ɗaci a zagayen farko da zaƙi a na uku, wanda dafa shi kaɗai yakan ci sa'a guda, kuma jinkirin ne ake so. Da rana, a garin da zafin bazara yake haura digiri 40, fura da nono ce sarauniya, sai zoɓo, kunun aya da lamurje. Har gardamar mashaya kan wace giya ta fi akwai irinta: wace unguwa ta fi iya fura, nonon wace ruga ne bai sha ruwa ba.

Inda tsarin ya gaza shi ne wajen abin da ba ya wari kuma ba ya buƙatar taro. Burkutu tana da tukunya, hayaƙi da jama'a, ba ta ɓoyuwa. Kwalbar maganin tari mai kodin tana shiga aljihu, ƙwayar Tramadol ma haka, kuma mai shan su yana iya zama a majalisa ko a ɗakin aure ba a gane ba. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a Mayu 2018, bayan rahoton binciken BBC, kuma hukumar NDLEA tana kama masu safarar ƙwaya a kan hanyoyin iyaka. Ba daidai ba ne a ce hana giya ne ya haifar da wannan, tunda jihohin da ba su hana ba ma suna fama da shi. Amma dokar da aka gina don kama kwalba da mashaya ba ta da idon ganin sa. Ita kanta barasa ta bi wannan hanya ta ƙanƙancewa, ta koma 'yar leda mai arha da ake ɓoyewa a tafin hannu. Hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana sayar da ita a leda da ƙananan kwalabe a farkon 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, aka ɗage wa'adin.