Jaridar Garinmu, Bugun Tukur-Tukur

A gindin adakar kakana aka shimfiɗa ta, don kada tsatsa ta taɓa tufafi. Falle ɗaya ne, ya yi ja, gara ta ci gefensa, amma sunan yana nan a sama da manyan baƙaƙe: Himma. Na daɗe ina jin dattawa suna cewa Katsina ta taɓa yin jaridarta, sai ran nan na gan ta da idona. Da na bi ta har ƙasa, wurin da ake sa sunan maɗaba'a da ƙananan haruffa, sai na ga ashe a Zariya aka buga ta. Wannan ɗan layi da ba mai kula da shi ya riƙe kusan duk tarihin jaridun garuruwa a ƙasar Hausa. Jarida ce mai sunan gari, labarinta na gari, masu karatunta mutanen gari, amma mai ita yana wani wuri.

A Kudu ba haka abin ya faro ba. Tun 1859 wani ɗan mishan, Henry Townsend, ya fara buga Iwe Irohin cikin Yarbanci a Abekuta, daga baya kuma 'yan ƙasa masu zaman kansu suka shiga sana'ar da kuɗinsu. Mutum ya sayi injinsa, ya ɗauki yara masu jera haruffa, ya faɗi abin da ke ransa, in ya jawo wa kansa ƙara ya je kotu. A Arewa kuwa Turawan mulki sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, makarantun boko ba su da yawa, ilimin da ke hannun jama'a na Larabci ne da ajami, shi kuma da alƙalami da tawada ake kwafarsa. Saboda haka injin buga takarda ta ƙofar gwamnati ya shigo mana.

Ofishin Fassara da aka buɗe a Kano a 1929 shi ne ya koma Zariya, ya zama Ofishin Talifi a hannun Dokta Rupert East. Daga nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Sunan ma talla ne, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita. Gwamnati na da dalilinta: yaƙi na ƙaratowa, jita-jita ta cika kasuwanni cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, ga kuma jaridun Ikko suna hawowa cikin jirgin ƙasa da maganganun da Turawa ba sa son ma'aikatan Arewa su saba da su. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, can bayan ganuwar Zariya. Unguwa ce da in ba don maɗaba'ar ba, da ba lalle mutumin Gumel ko na Argungu ya taɓa jin sunanta ba, sai ga shi ta zama adireshin da duk mai iya riƙe alƙalamin boko ya haddace.

Gaskiya ta Arewa ce baki ɗaya, to amma ni a ganina ita ce jaridar ƙananan garuruwa ta farko, ta hanyar shafin wasiƙu. Malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko magatakardan hakimi, zai zauna da dare gaban fitilar ƙwai ya rubuta kukan garinsu: rijiya ta rufta, hanya ta yanke, an tsawwala wajen karɓar haraji, kuɗin aure ya yi yawa. Wani ya sa sunansa, wani ya ɓuya bayan laƙabi, don ya san hakimi ma ana karanta masa. Imam ya gane amfanin wannan shafi, ya kuma iya tafiyar da shi. Ga Bature a bayansa, ga sarakuna a gabansa, shi kuwa yana bi ta tsakiya da karin magana da habaici, ya faɗi magana mai zafi cikin sigar nasiha. Wasu na ganin ya cika lallaɓawa. Ni dai ban ga yadda edita mai cin albashin gwamnati a 1940 zai wuce inda ya kai ba tare da an karɓe kujerar ba.

Kada kuma a auna yawan masu karatu da yawan kofen da aka sayar. Kofe ɗaya in ya iso gari, bayan la'asar za a kai shi zaure ko gindin bishiyar da ake hira, a kira yaron da ke elemantare ya karanta da ƙarfi. Ya yi tuntuɓe a sunan wani gari na Turai, a yi dariya, wani dattijo ya ce a maimaita wurin farashin gyaɗa. Gobe ta wuce gidan alƙali, jibi wurin tela. Sai ta yi laushi kamar tsumma kafin mai ƙosai ta gaje ta.

Jaridun larduna na sosai sun zo ne da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. An buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanci ya yi 'yan watanni ya iya haɗa baƙi da wasali, aka ba shi takardar shaida. To, me zai karanta? In bai sami abin karantawa ba, kafin kaka biyu karatun ya gudu. Don toshe wannan kafa aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa fitar da ƙananan littattafai masu araha, ta kuma yi wa larduna jaridu. Sakkwato ta sami Zaruma, Katsina Himma, Kano Sodangi, Bauci Zumunta, Filato Gamzaki, Barno Albishir, Adamawa Ardo. Tibi ma suna da tasu cikin harshensu, Mwanger u Tiv.

Sunayen nan sun cancanci a tsaya a kansu, domin wanda ya raɗa su ya san mutanensa. Sodangi suna ne da ke shiga kunnen Bakano kamar kirari. Gamzaki tauraron asuba ne, ya dace da wanda idonsa ya fara buɗewa a kan takarda. Ardo shugaban Fulani ne mai jan ragamar ƙaura, ba wanda zai ji shi bai tuna Adamawa ba. Albishir kuwa, kowa ya san amsarsa goro. Babu ko ɗaya a ciki mai ƙamshin faɗa ko tuhuma. Sunaye ne na zumunci da ƙarfafa gwiwa, abin da ke cikin jaridun ma haka yake: rangadin sarki, buɗe sabuwar makaranta, allurar shanu, yadda ake feshin auduga, sunayen waɗanda suka ci jarrabawar ajin manya.

A nan matsalar take. Labari daga lardi yake tasowa, yawanci ta hannun ma'aikatan En'e, a aika Zariya a tace a buga, a ɗoro a mota a dawo da shi. Wanda ya rubuta labarin albashinsa na fitowa daga baitulmalin sarki. Yaya za a yi ya rubuta cewa dagaci ya ci kuɗin jangali? Shekarun nan kuwa su ne na tashen jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, lokacin da kalma ɗaya a kan sarki kan iya kai mutum gaban alƙali, daga nan gidan yari. Rigimar da ta fi kowace girgiza garuruwan Arewa a lokacin, da ƙyar za ka ga inuwarta a jaridun da ke ɗauke da sunan garuruwan. 'Yan adawa sai suka nemi wata kafa, irin su Comet ta Nnamdi Azikiwe da ta koma Kano da bugu, da waƙoƙin siyasa da ake haddacewa ana rerawa a dandali.

Duk da haka ba na raina su. Mutumin da bai taɓa ganin sunan ƙauyensu a rubuce ba, ran da ya gan shi cikin baƙaƙen inji, ya tabbata karatun nan nasa ne. Na tabbata dalilin da ya sa kakana ya ajiye fallen nan ke nan, ko da yake daga baya ya zama shimfiɗar adaka. Sun kuma horar da mutane rubuta Hausa miƙaƙƙiya mai gajerun jimloli, wadda sabon makaranci zai bi ba haki.

Ƙarshensu bai zo da hayaniya ba. NORLA ta kasa riƙe kanta, domin kai kaya ƙauyuka na da tsada, kuɗin ciniki kuma ba ya dawowa yadda ya kamata daga hannun dillalai. A 1959 aka rufe ta, jaridun larduna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba wani attajiri a Gusau ko Funtuwa da ya ce bari in karɓi ta garinmu in ci gaba, kuma ban ga laifinsu ba. Jaridar gari da talla take rayuwa, ɗan kasuwar Hausa kuwa yana da dillalinsa, yana da maroƙi, yana da sanƙira mai yekuwa a ranar kasuwa, duk sun fi takarda saurin isa kunne. Sai kuma rediyo ta zo ta ƙarasa aikin. BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, wasiƙun da a da ake aikawa Tukur-Tukur suka koma shirin gaishe-gaishe, inda ba a bukatar yaron elemantare ya karanta wa kowa.

Da aka ƙirƙiro jihohi an sake gwadawa, amma bisa tsohon tsari. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano a 1980, ya fitar da Albishir cikin boko da Alfijir cikin ajami. Alfijir ta yi abin da ya kamata a ce an yi da gaske tun farko, wato zuwa wa mutane da rubutun da suka riga suka iya tun makarantar allo. Sai dai ita ma numfashinta na hannun gwamna, in ya saki kuɗi ta fito, in ya riƙe ta kwanta. Ita kanta Gaskiya, da ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian a Kaduna, haka ta yi ta jan ƙafa da bashin albashi har ta daina zuwa hannun masu talla.

Kwanan baya na nuna wa wani mai maɗaba'a a garinmu fallen Himma. Yana da inji mai kyau, yana buga katin biki da kalandar 'yan siyasa da littafin rasit. Ya juya ta gaba da baya, ya yaba takardar, ya ce ta fi ta yanzu kauri. Na tambaye shi ko zai iya fitar da irinta, ko da sau ɗaya a wata. Ya ce bugawa ba wuya, kwana ɗaya ya isa. Sannan ya tambaye ni wa zai biya kuɗin takarda, kuma in shugaban ƙaramar hukuma ya ji haushin wani labari, wa zai ci gaba da ba shi aikin kalanda.