Tarken Littafin *On the Origin of Species* na Charles Darwin: Jigo, Tsari da Salo

1.0 Gabatarwa

Littattafai kaɗan ne aka yi ta yanke wa hukunci ba tare da an karanta su ba kamar *On the Origin of Species*, wanda Charles Darwin (1809-1882) ya wallafa a Landan a shekarar 1859. Manufar wannan maƙala ita ce auna littafin a matsayin rubutun zube mai kafa hujja, domin a ga inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

2.0 Jigo

Jigon littafin shi ne sauyawar jinsunan halittu ta hanyar zaɓen ɗabi'a. Halittu suna haihuwa fiye da abin da abinci zai ɗauka, 'ya'yan kuma sukan bambanta da juna. Wanda bambancinsa ya dace da muhallinsa shi ya fi rayuwa ya hayayyafa, har ya gadar da siffar. Abin lura a nan shi ne, littafin bai tattauna asalin rai ba, kuma batun ɗan Adam ishara kawai aka yi masa a kusa da ƙarshe. Sai a 1871 Darwin ya fuskance shi cikin *The Descent of Man*.

3.0 Zubi da Tsari

Bugun farko yana da babi 14 da zane guda ɗaya tak. Ko da yake marubucin ya yi shekara biyar (1831-1836) yana zagaya duniya a jirgin ruwan Beagle, babin farko a kan dabbobin gida ya gina shi, musamman tattabaru. Hikimar a fili take: wanda ya yarda cewa mai kiwo yana fitar da iri daban-daban daga tsatso guda, ba zai yi saurin musanta cewa ɗabi'a tana iya yin haka cikin dogon zamani ba. Haka kuma ya keɓe babi na 6 ga matsalolin ra'insa, kamar ƙirar ido da ƙarancin burbushin halittun tsakani. Wannan adalci ya rage wa masu suka makami.

4.0 Salo

A nan ne rauni ya bayyana. Darwin ya yi amfani da mutuntarwa, ya siffanta zaɓen ɗabi'a tamkar makiyayi mai duba garkensa dare da rana. Siffar ta sauƙaƙa fahimta, amma ta sa wasu suka zaci akwai mai zaɓe da niyya, har sai da ya bayyana a bugu na uku (1861) cewa adon harshe ne. Rauni na biyu ya fi wannan nauyi: bai san yadda gado yake gudana ba. Fleeming Jenkin ya nuna a 1867 cewa idan siffofin iyaye narkewa suke yi cikin juna, to sabuwar siffa za ta ɓace. Amsar tana cikin binciken Gregor Mendel na 1866, wanda ba a farga da muhimmancinsa ba sai a 1900.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa darajar littafin tana ga tsarin hujjarsa, domin giɓin da ya bari na baya sun cike shi ba tare da rushe ginin ba. Mai amincewa da ra'in da mai ƙin sa duka suna da abin koyo: a kawo hujjar abokin hamayya da cikakken ƙarfinta kafin a amsa ta.