Mutuwar Ƙarya a Wasan Romeo da Juliet

Manazarta da dama sun ɗora alhakin masifar da ta rufe wasan Romeo da Juliet, wanda aka fara bugawa a 1597, a kan wasiƙar da ba ta isa Mantua ba, saboda an tsare ɗan aiken Fada Laurence a wani gida bisa zargin annoba. A ganinmu wannan karatu ya taƙaita. Tun kafin wasiƙar ta maƙale, dabarar kanta gurguwa ce.

Mu dubi halin da tauraruwar take ciki. Yarinya ce da ba ta cika shekara 14 ba, an ɗaura mata aure a ɓoye, ga mahaifinta ya kafe sai ta auri Paris. Wato aure kan aure ke fuskantarta. Malamin da ya ɗaura auren farko shi ya fi kowa cancantar ya tunkari Capulet da gaskiya. Maimakon haka sai ya miƙa mata ruwan magani mai jefa mutum cikin dogon suma na awa 42. Shakespeare bai ɓoye wannan rauni ba, domin ya sa Juliet kanta, tana riƙe da kwalbar, ta yi zargin ko guba malamin ya ba ta don ya rufa wa kansa asiri.

Inda gwanintar marubucin ta fi fitowa ita ce fitowar makoki. Iyaye na kuka bilhaƙƙi, mai kallo kuwa ya san gawar tana da rai, don haka ba ya iya taya su. Abin da yake gani shi ne uban da kwanan nan ya yi barazanar korar 'yarsa titi, yau yana kiranta farin cikin rayuwarsa. Sai da ta yi shiru aka san darajarta. Ko gama sharar hawaye ba a yi ba makaɗan biki suka shiga barkwanci, abin da wasu masu shirya wasan kan yanke, mu kuwa muna ganin kuskure ne yanke shi.

Ga ɗalibinmu akwai wani cikas. Dabarar ta dogara ne kan al'adar Verona ta cikin wasan, inda ake kwantar da gawa fuska a buɗe cikin ɗakin kabarin zuriya. A Miri, ko ko'ina a ƙasar Bauchi, wanda ya cika da hantsi an yi masa wanka da sutura, an sallace shi, an rufe shi da ƙasa kafin la'asar. Awa 42 ba ta da gurbi a nan. Saboda haka duk mai son mayar da wasan cikin rigar Hausa, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Daren Sha Biyu, dole ya sake wa Juliet wata mafita: ko yaji zuwa gidan gwaggo, ko ƙara gaban alƙali, wanda tambayarsa ta farko za ta kasance wane ne waliyyin auren farko.