Bashin Iyaye da Kotun Lahira: Nazari a kan Littattafan Almara Masu Tushe a Tatsuniyoyin Gabashin Asiya

A shekarun nan kamfanonin ɗab'i na New York da Landan suna ta fitar da wani nau'in littafin almara wanda marubuta 'yan asalin Sin da Koriya da Malesiya ke rubutawa da Turanci, suna ɗebo kayan aiki daga tatsuniyoyin kakanninsu. Bangon littafin kan ɗauki hoton fada a cikin gajimare, ko budurwa riƙe da takobi, har mai saye ya zaci tufafi kawai aka sauya wa almarar Turawa. Waɗanda suka yi fice a cikinsu kuwa, abin da ke ɗauke da su shi ne bashi: wanda iyaye ke bin 'ya'yansu, da wanda matattu ke bin rayayyu, da tambayar wa zai biya, da me zai biya.

Wannan tunani ya daɗe a adabin Sin. Littafin Xiyou Ji, wato labarin tafiya yamma, wanda aka buga a 1592 kuma ake danganta shi ga Wu Cheng'en, ya samo asali ne daga tafiyar malamin addinin Buddha Xuanzang, wanda ya tafi Indiya neman littattafai ya dawo a 645. A cikinsa sama fada ce mai hakimai da muƙamai da kundin rajista. Biri Sun Wukong ya tayar da ƙayar baya ne saboda an raina shi da muƙamin tsaron bargar dawaki, kuma tun kafin nan ya kutsa lahira ya goge sunansa daga kundin masu mutuwa. Pu Songling, wanda ya rasu a 1715 bayan ya sha faɗuwa a jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya bar gajerun labarai kusan 500 na fatalwa da yanyawa masu rikiɗa su zama mata. A ɗaya daga cikinsu, Xi Fangping ya bi mahaifinsa har lahira don ya kai ƙara, ya tarar maƙiyin mahaifin ya riga ya saye alƙalan can da cin hanci. Aka gana masa azaba iri-iri, ya ƙi janye ƙarar har ya samu adalci. Duniyar ɓoye a wannan adabi gwamnati ce, ɗa nagari kuma shi ne wanda ke tsayawa gabanta saboda iyayensa.

Yangsze Choo, 'yar Malesiya, ta fahimci wannan sarai. Littafinta The Ghost Bride na 2013 ya kai mu Malaka a ƙarshen ƙarni na 19, inda wani gidan masu kuɗi ya nemi auren Li Lan, 'yar wani mutum da ya karye, ga ɗansu da ya riga ya mutu. Aurar da mamaci al'ada ce da aka sani a wasu al'ummomin Sinawa, haka ma ƙona kuɗi da gidaje na takarda don mamaci ya samu abin kashewa. Choo ta gina lahirarta a kan wannan ƙa'ida: wanda danginsa ke ƙona masa hadaya yana cikin daula, wanda aka manta da shi yana yawo a tsiyace. Tsoron da ke cikin littafin ya fito ne daga talaucin mahaifin yarinyar, domin shi ne ya sa har aka iya kawo masa irin wannan magana.

Inda nau'in ya fi nuna ƙarfinsa shi ne inda marubuciya ta yi gardama da tatsuniyar da ta gada. A Koriya kowa ya san Shim Cheong, wadda ta sayar da kanta ga matuƙan jirgi a kan buhu 300 na shinkafa don makahon mahaifinta ya samu gani, aka jefa ta cikin teku. Tatsuniyar ta saka mata da alheri: ta dawo a cikin furen ruwa, ta auri sarki, idon mahaifinta ya buɗe. Mawaƙan pansori, wato waƙar gargajiyar Koriya, sun daɗe suna rera labarin a matsayin darasin biyayya. A 2022 Axie Oh ta fitar da The Girl Who Fell Beneath the Sea, inda wata yarinya Mina ta faɗa teku a madadin Shim Cheong, masoyiyar yayanta, don ta cece ta. Sadaukarwar tana nan yadda take, amma da Mina ta isa ƙarƙashin teku sai ta shiga binciken abin da ya sa kullum 'yan mata ake biya da su. A shekarar ce kuma Sue Lynn Tan ta ɗauki Chang'e, matar da ta sha maganin rashin mutuwa ta maƙale a wata, wadda ake tunawa da ita a bikin tsakiyar kaka, ta yi mata 'ya mai suna Xingyin wadda ta shiga rundunar sama don ta 'yanto mahaifiyarta.

Nau'in yana da rauninsa. Kasuwa na son abin da ya riga ya sayu, don haka akwai littattafan da suka kwaso suna da sutura da abinci daga Sin da Japan da Koriya suka cakuɗa, kamar ƙasa ɗaya ce, suka ɗora jarumar da ba ta da uwa ba ta da dangi sai son ranta. Irin wannan littafi ya yar da ainihin abin da ya je ɗaukowa.

Mai karatun Hausa ya san yadda aro mai kyau yake. Akun da ke ba da labari a Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga adabin Indiya ya taso, wasu labaran kuma daga Dare Dubu da Ɗaya, amma Imam ya zaunar da su a fada mai sarki da waziri da ladabin da muka sani, shi ya sa suka zama namu. Ma'aunin ke nan ga waɗannan marubuta ma. A duba ko dokokin zaman mutanen da suka haifi tatsuniyar suna aiki a cikin labarin, suna ɗaure jaruma, suna sa zaɓinta ya yi mata tsada. Choo da Oh da Tan sun ci wannan jarrabawa, domin kowaccensu ta ɗauki haƙƙin iyaye da nauyinsa kafin ta tambayi iyakarsa.