Hancin Mai Turare

Wanda bai ƙware da sayen turaren wuta ba, da an ɗora masa ɗan gutsure a kan garwashi sai ya kai hanci, ya shaƙa, ya ce a auna masa. Gwanar turare takan bar hayaƙin farko ya wuce, domin wannan na sukari ne da ruwan turaren da aka jiƙa itacen da shi, kuma kusan kowane haɗi yana da daɗi a wannan lokacin. Abin da take jira shi ne ƙamshin da zai biyo baya, sa'ad da garwashin ya fara yin toka, zafi ya ratsa cikin itacen. A nan na kirki yake ƙara sanyi da nauyi, na algus kuma ya fara ƙauri.

A wannan fage an sallama wa matan Barno, Kanuri da Shuwa. Ko a Kano ko a Damagaram, in aka ce turaren daga Maiduguri ya zo, an gama yabo. Sana'ar tana da dangantaka ta kusa da Chadi da Sudan, inda humra da turara jiki da hayaƙin itace suka daɗe cikin shirin amarya. Kayan haɗin ba ɓoyayyu ba ne: itacen sandal, hawi, kajiji, miski, farce, sukari, da ruwan turare iri-iri. Kowa zai iya shiga kasuwar Monday Market ta Maiduguri ya saye su. Amma mace biyu za su sayi kaya iri ɗaya a rumfa ɗaya, na wannan ya kama ɗaki har washegari, na waccan ya bi iska kafin a ɗauke kasko.

Farce kaɗai ya isa nuna inda gwanintar take. Murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, kuma ɗanyensa ƙarni yake yi, babu wanda zai shinshine shi ya yi zaton kayan ƙamshi ne. Sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ya maƙale a jikinsa, an wanke, an sake wankewa, sannan a soya a daka. Aikinsa riƙe ƙamshin sauran kayan, kamar yadda daddawa take riƙe miya ba tare da ta fito fili ba. In wankin bai yi ba, ƙarnin zai ɓuya a ƙarƙashin turaren, sai ya kwana a jikin tufafi sannan ya tona asiri. Gwana tana jiyo shi tun kwalbar tana hannunta.

Haka take yi da itacen oud, wanda ya fi kowanne tsada. Bishiyar Aquilaria ce take samar da shi a dazuzzukan Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Indunusiya, kuma lafiyayyar bishiya ba ta da wani ƙamshi. Sai ta ji rauni, cuta ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro mai maiƙo don kare kanta, wanda yake taruwa a cikin itacen shekara da shekaru. Saboda yawan sara, tun 1995 aka sa ɗaya daga cikin nau'o'inta a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Abin da ya yi tsada haka ba ya rasa jabu. Akan rina farin itace, a ɗura masa mai, a goge shi ya yi sheƙi. Mai ido zai duba nauyi, don wanda ya ƙoshi da ƙaro yakan nutse a ruwa. Mai hanci kuwa wuta take ba shi: na gaskiya yakan tsattsafo da mai yana ɗan tafasa, ƙamshinsa yana sauyawa a hankali, na rini kuma ya yi ta hayaƙi mai yaji a ido.

Duk da haka, abin da ya fi burge ni a wurin waɗannan mata shi ne ba sa cewa ga turaren da ya fi kowanne. Tambaya suke yi. "'Yata, na ɗaki kike so ko na kaya? Maigidan yana son mai ƙarfi, ko yana hawar masa kai?" Amarya daban, dattijuwar da take son abin da za ta turara mayafin zuwa masallaci daban. Ɗakin da ya yi danshi da damina yana ɗaukar turare mai nauyi, wanda in aka sa shi a rufaffen ɗaki da bazara sai ya kori mutane. Kimiyya ma ta goyi bayansu. Linda Buck da Richard Axel sun sami kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda hanci yake tantance ƙamshi, kuma an san ɗan Adam yana da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400, waɗanda suke bambanta daga mutum zuwa mutum ta hanyar gado. Miskin da ya cika wa wata hanci, wata da ƙyar take jin sa.

Shi ya sa gwana ba ta jera wa mai saye kwalabe goma. Hanci yana gajiya, bayan uku ko huɗu komai sai ya zama ɗaya, sai ta ce a fita a sha iska a dawo. Humra kuwa a bayan hannu take ɗiga ta, ta ja mai sayen da hira, domin fatar kowa da yadda take karɓar turare, kuma wanda ya zauna lafiya a jikin wata yakan yi tsami a jikin ƙawarta. In mai sayen tana shirin lefe ne ko gara, inda za a kashe kuɗi da yawa, takan ƙulla mata kaɗan daga iri biyu ko uku, ta ce ta je gida ta turara zani dabam-dabam a kabbasa, ta ninke kowanne ta ajiye a akwati. Bayan kwana biyu ta buɗe. Zanin da ta ji tana son ɗaurawa, turarensa za a haɗa mata.