ƊAKIN AMARYA NA GIDAN MAKAMA: INA SAURAN TARIHIN MATA?

Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta gaban Gidan Makama a cikin birnin Kano, ko a kan hanyar gidan biki ko ta dubiya, amma ƙalilan ne suka taɓa cewa bari dai in leƙa. A tunaninmu wuri ne na Turawa masu yawon buɗe ido, sai kuma 'yan makaranta da malamansu kan jera su a layi. To yau a kan wannan gida nake so mu tattauna, in faɗi abin da ya burge ni a cikinsa, in kuma faɗi inda nake ganin an tauye mana mudu, mu mata. Kada wani ya ɗauka suka ce, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi dai wannan gida tsoho ne ƙwarai. Masana tarihi sun ce an gina wa Muhammadu Rumfa shi ne tun kafin ya hau gadon sarauta, shi kuwa Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ya gina Gidan Sarki na yanzu, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 sun ɗan zauna a cikinsa suna gudanar da mulki, daga baya aka mai da wani sashe nasa gidan ajiye kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. An kasa kayan a ɗakuna 11. Ginin kansa ma abin kallo ne, na ƙasa ne da azara da bakan gizo, wanda ko a tsakiyar bazara kika shiga sai kin ji sanyi ya ratsa ki, ba fanka ba komai.

Maganar gaskiya, waɗanda suka tara kayan nan sun yi aiki, Allah Ya saka musu. Akwai hotunan ganuwa da ƙofofin gari, ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda yau a wurare da dama ta zaizaye ko an yi gini a kanta. Yarinyar da aka haifa jiya in aka ce mata da can Kano a kewaye take da bango mai tsawo sai ta ɗauka tatsuniya ce, amma in ta ga hoton, gani ya kori ji. Akwai labarin sarakunan Haɓe, da zuwan jihadi, da Yaƙin Basasa da aka fara a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, da zuwan Turawa a zamanin Sarki Alu. Akwai kayan yaƙi, da kayan hawan salla, da kayan kiɗa, da na sana'o'i. Mace ta shiga ta fito, lalle za ta ƙaru.

To amma fa in kika bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya kina lura, za ki ga zaren labarin a hannun maza yake tun daga farko har ƙarshe. Wane ya yi sarauta, wane ya yi yaƙi, wane ya hau doki, wane ya sauka. Wurin da aka keɓe wa mace sosai, har za ki ce nan kam namu ne, shi ne ɗakin amarya, wanda aka shirya shi irin yadda iyayenmu da kakanninmu ke yin jere. Ɗaki ne mai kyau, kuma na san duk macen da ta shiga sai ta tuna da ɗakin wata tsohuwa tasu. Sai dai ina tambaya, ashe duk rayuwar mace Bahaushiya ta ɗaruruwan shekaru a ɗakin amarci ta tsaya? Amarci kwana nawa ne? Bayan an wanke lalle an watse, shekara arba'in ko hamsin da ta yi tana daka da niƙa da kaɗi da reno da adashi, su wa zai ba da labarinsu?

Ku dubi maganar tufafi kawai. Wani Bature Bajamushe, Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin garin a saƙa da rini yake, har ana kai tufafin Kano Tambutu da garuruwan hamada. Kowa na jin wannan sai ya tuna masaƙa da marina irin ta Ƙofar Mata da fataken Kurmi. Alhali kuwa kafin masaƙi ya zauna a bakin aikinsa sai an gurje auduga, an shiɓe ta, an kaɗa zare, kuma duk wannan aikin mata ne, a cikin ɗaki, da mazari da alli da taskira. Babu rigar sarki ko rawanin malami da bai fara daga yatsun wata mata ba. Haka nan dalar gyaɗa da ake ta yi mana alfahari da hotonta. Kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata, kuma ya cancanta, amma matan ƙauyen da suka yi ta ɓarar gyaɗa, da waɗanda suka matse mai suka soya ƙuliƙuli suka ɗora wa yara talla, su ko sunan ɗaya ba mu riƙe ba.

Wani zai ce ai laifin hoto ne, tun da abin da aka ɗauka shi za a rataya. Haka ne, amma a nan ma sai mun yi hattara. Su wa suka ɗauki hotunan nan na farkon zuwan Turawa? Maza ne, galibi baƙi, waɗanda iyakarsu zaure, domin cikin gida ba shiga. Saboda haka matan da suka faɗa cikin hotonsu su ne na kasuwa da na bakin rijiya da 'yan talla, kuma sau da yawa a irin waɗannan tsofaffin hotuna za ki ga an rubuta sunan sarki da na razdan dalla-dalla, ita kuwa macen sai a ce "wata Bahaushiya" kurum. Matan kulle, waɗanda su ne ke juya dukiya mai yawa daga cikin ɗaki, ba su fito ba sam. Don haka wanda ya dogara da hoto kaɗai zai zaci ba ma nan, ko kuwa muna nan amma a zaune muke muna jiran a kawo.

Abin mamaki, magabata ba su yi mana wannan rowar ba. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, in ya ambaci sarki yakan faɗi sunan mahaifiyarsa. A cikinsa muka ji labarin Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Muhammadu Kisoki, wadda ta yi ƙarfin faɗa a ji a fada. A cikinsa muka ji Shekara, matar Sarki Ibrahim Dabo, wadda 'ya'yanta uku, Usman da Abdullahi da Bello, suka yi sarautar Kano a jere. 'Yan mata nawa ne suka san sunan Shekara a jikin makaranta ba tare da sun san wace ce ba? Wata Baturiyar Amurka mai bincike, Heidi Nast, ta fitar da littafi a 2005 a kan matan Gidan Sarkin Kano, inda ta nuna cewa a da can suna da hannu a sha'anin hatsin fada da kuma rini. Ashe ke nan abin da za a cika ɗaki biyu ko uku da shi yana nan, neman sa ne ba mu yi ba.

Shi kansa jeren, a ganina, bai kamata a kalle shi a matsayin ado kawai ba. Jere asusun mace ne. Kakanninmu sun fara da ƙorai da faifai, aka koma tasoshi, aka zo kwanukan langa da samira, aka shiga tangaran, har aka iso kulolin yau. Kowane ɗaya da zamaninsa da hanyar da ya shigo ƙasar nan. Tasar da uwa ta saya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kaɗi da na adashi, tun 'yarta na goye, ita ce za a sayar in yunwa ta shigo ko ciwo ya kama maigida, ita ce kuma za a raba gado. Sannan jeren 'yar attajirin Kurmi daban yake da na 'yar manomi a ƙauye. In aka haɗa duka a ɗaki guda aka ce ga ɗakin amaryar Bahaushe, mai kallo zai ga kyau, amma ba zai san wace amarya ba ce, ta wace shekara, 'yar wane gida. Kaya in ba labarin mai shi, rabin amfaninsa ya tafi.

Ina da misali biyu na abin da riƙe suna ke yi. Akwai wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, wadda ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun kafin zuwan Turawa: harin masu kama bayi, aure da saki, zama da kishiya, ƙawance, sana'a. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau masu nazarin rayuwar Hausawa ba su daina komawa gare shi ba. Ba sarauniya ba ce, ba ta yi boko ba, an dai tambaye ta ne aka rubuta. Ta biyu ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gwari, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. Mata dubu nawa suka gina tukunya a ƙasar nan? Amma ita da aka riƙe sunanta tare da aikinta, ga shi jikokinmu ma za su san ta.

To, laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu ce ma'aikatan gidan tarihi ba su ajiye namu ba, mu tambayi kanmu me muka kai musu, me kuma muka ajiye a gida. Tsohuwa na rasuwa, kafin a yi arba'in an kira 'yan gwangwan sun auna tasoshinta a kan sikeli, ko a ba mai musayar robobi. Mazarinta yara su yi wasa da shi ya ɓata. Zanen saƙinta a yi tsumman goge ɗaki. Murjani da tsakiya a ce kayan ƙauye ne. Hotunan kuwa suna cikin tsohuwar adaka gara na ci, waɗanda suka tsira kuma ba wanda ya san su waye a ciki, domin wadda ta san su ita aka binne. Da hannunmu muke share sawun iyayenmu, sannan mu zo muna cewa tarihi ya manta da mata.

Saboda haka ga 'yar shawarata, kuma ba ta bukatar kuɗi. Ki ɗauko hotunan gidanku tun tsofaffi na da rai, ki zauna da Hajiya ko Inna ko Gwaggo, ki tambaye ta, nan wace ce, a ina aka ɗauka, bikin wa? Ki rubuta a baya da fensir, domin biro kan huda takarda ya ɓata fuska. In ba ta tuna shekara ba, ki tambaye ta da abin da ya faru, kafin canjin kuɗi ne daga fam zuwa Naira, wato 1973, ko bayan rasuwar Murtala a 1976? Ki nisanta su da bango mai danshi da hasken rana. In za a raba kayan mamaciya, ku roƙi magada a bar tasa ɗaya, zane ɗaya, mazari ɗaya, a rubuta sunanta da unguwarsu da sana'arta a 'yar takarda a haɗa. Wayar da ke hannunki, wadda kike ɗaukar hoton ankon biki da ita, ki ɗauki muryar kakarki tana faɗin yadda aka yi aurenta da nawa aka biya sadaki. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin unguwa su ma za su iya ware kabad guda a tara irin waɗannan, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su kuma masu kula da gidajen tarihi, na Kano da sauran garuruwa, roƙona gare su shi ne su shigo da mata cikin aikin tattara kaya, domin mace ce za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta jiyo abin da namiji ba zai jiyo daga zaure ba. A samar da wurin mai kaɗi da mai ƙuliƙuli da ungozoma da malama, a sa sunan Auwa da Shekara kusa da na 'ya'yansu. Maigidan da ke karanta wannan a ɓoye kuma, don Allah wata ranar hutu ka kwashi iyali ka kai su. Ke kuma in kin je, ki riƙe hannun 'yarki ku tsaya a ɗakin amaryar nan, ki nuna mata kowane abu da sunansa, ki gaya mata wace ce a danginku ta taɓa mallakar irinsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu mata da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari, amin. Wassalam.