Bege da Faifai: Tarken Murmur na Ƙungiyar R.E.M.

Duk wanda ya taɓa zama da ma'abocin tara fayafayan garmaho ya san inda hirar takan nufa. Za a faro da zancen kiɗa, kafin a ankara an ɓuge da labarin ƙuruciya: ɗakin da ya fara jin waƙar, da abokin da ya ara masa faifan, da kuɗin da ya tara kafin ya mallaki nasa. Wannan hali ya fi tsanani ga masoya wani reshe na kiɗan rok wanda za mu kira rok na bayan fage, wato kiɗan ƙungiyoyin da suka tashi a Amurka da Ingila bayan 1980 ba tare da goyon bayan manyan kamfanoni ba. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki faifai guda daga cikinsu, wato Murmur na ƙungiyar R.E.M., a duba ko yabon da ake masa na kiɗan ne, ko kuwa na begen shekarun da suka shuɗe.

Samari huɗu ne suka kafa ƙungiyar a Athens, wani garin jami'a a jihar Jojiya ta kudancin Amurka: Michael Stipe mawaƙi, da Peter Buck mai jita, da Mike Mills mai jitar bes, da Bill Berry mai ganguna. Buck yana aiki ne a wani kantin fayafayai mai suna Wuxtry sa'ad da ya haɗu da Stipe. Sun yi wasansu na farko ran 5 ga Afrilu 1980 a cikin wata tsohuwar majami'a da aka daina amfani da ita. A 1981 suka fitar da waƙar Radio Free Europe a wani ɗan ƙaramin kamfani, Hib-Tone, kuma gidajen rediyon ɗaliban jami'o'i ne suka yayata ta. Murmur ya fito a Afrilu 1983 ta hannun kamfanin I.R.S., bayan an ɗauke shi a Charlotte ta Karolina ta Arewa ƙarƙashin kulawar Mitch Easter da Don Dixon. Bai wuce matsayi na 36 ba a jerin Billboard, amma mujallar Rolling Stone ta zaɓe shi gwarzon faifan shekarar, ta fifita shi a kan Thriller na Michael Jackson.

Abin da zai fara ɗaure wa manazarcin Hausa kai shi ne kalmomin waƙoƙin ba sa fita sosai. Mu nan mun saba auna mawaƙi da azancinsa. Idan an ce Narambaɗa ko Shata gwani ne, ɗiyan waƙarsa za a kawo hujja, a warware jigo, a nuna adon harshe. Wannan ma'auni ba ya aiki a nan. An nutsar da muryar Stipe cikin kiɗan da gangan, shi kuma yana cinye ƙarshen kalma, yana jan wasali har ya ɓace. Ba a buga matanin waƙoƙin a jikin jakar faifan ba. Sunan faifan kansa ma'anarsa gunaguni ne, ko magana ƙasa-ƙasa. Mai sauraro zai tsinci kalma biyu ko uku, sauran kuwa sai ya cike da abin da ke cikin ransa.

A ganina nan ne tushen begen yake. Waƙar da ma'anarta ta fito fili tana riƙe da labarinta, ko bayan shekara arba'in abin da ta faɗa shi za ta faɗa. Amma waƙar da aka bar ƙofarta a buɗe, kowa yakan shiga ya ajiye kayansa. Saurayin da ya ji Perfect Circle a 1983 ya zuba mata rabuwarsa da abokan makaranta, kuma duk ran da ya sake ɗora allura a kan faifan, ajiyarsa yake tararwa. Idan ya ce waƙar tana sa shi hawaye, gaskiya ya faɗa, sai dai shaidarsa ba ta isa hujja a wurin tarke ba, domin rabin abin da yake ji shi ya kawo shi.

Har wa yau, faifan da begensa aka haife shi. Jitar Rickenbacker da Buck yake kaɗawa tsirkiya bayan tsirkiya, maimakon ya daka su gaba ɗaya, takan tuna wa mai sauraro amon ƙungiyar The Byrds ta shekarun 1960. A zamanin da na'urorin kiɗa na lantarki suka cika kasuwa, su baya suka waiwaya. Kamfanin ya fara haɗa su da Stephen Hague, wanda ya ƙara irin waɗannan na'urori a waƙar Catapult, suka ƙi aikin. Hoton bangon faifan kuwa na kudzu ne, wani tsiro mai yaɗo da aka kawo daga Japan, wanda ya mamaye kudancin Amurka yana lulluɓe itatuwa da kangaye. A bayan jakar akwai hoton wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta katako. Saboda haka tun ranar da faifan ya fito sabo, kamannin tsohon abu yake da shi, kamar wanda aka tono daga ƙasan adaka.

To, idan aka ɗebe begen, me zai rage? Abu mai yawa, kuma ba a wajen mawaƙin ya fi yawa ba. Ƙarfin Murmur yana ga Mills da Berry. Bes ɗin Mills ba ya tsayawa ga riƙe ƙasan kiɗa; yakan ɗauki karin waƙar da kansa, ya hau ya sauka, yayin da jita take kewaye wuri ɗaya. A Radio Free Europe shi ne yake jan kowa. Sa'an nan ga amshinsa, wanda ba maimaita jagora yake yi ba yadda 'yan amshi suka saba: yakan shigo da wani kari dabam ya gitta na Stipe, har muryoyin su sarƙe kamar zaren saƙa. A saurari Pilgrimage da kyau za a ji haka. Berry kuwa bugunsa a tsuke yake, babu almubazzaranci, shi ya hana wannan hazo duka watsewa. Shi ne kuma ya kawo ginshiƙin Perfect Circle, wadda aka ɗora a kan piyano, kuma ko an raba ta da ajiyar kowa, karinta ya isa ya tsayar da ita. Buck ma ya cancanci yabo saboda abin da ya ƙi yi, domin da wuya a sami inda ya ware shi kaɗai yana nuna bajinta.

Amma masoya ba sa son a ce waƙoƙi goma sha biyun nan ba darajarsu ɗaya ba. We Walk wasan yara ce. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne ƙarar da ke kama da tsawa, wadda a haƙiƙa karon ƙwallayen teburin wasa ne aka rage wa sauri. Dabara ce mai ban sha'awa, amma dabarar ta fi waƙar. A 9-9 kuma duhun maganar ya wuce gona da iri, ya tashi daga salo ya koma ɓuya. Gefen farko na faifan ya fi na biyu nauyi nesa ba kusa ba, ko da yake Sitting Still da Shaking Through sun fitar da na biyun kunya.

Akwai kuma wani ɓangare na begen da ya kamata a yi hattara da shi, wato begen ƙaranci. Da ƙungiyar ta koma kamfanin Warner a 1988, ta kuma game duniya da Losing My Religion a 1991, wasu tsofaffin masoya sun juya mata baya. A wannan shekara ce Nevermind na Nirvana ya fito, har ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jeri a Janairu 1992, rok na bayan fage ya zama shi ne a tsakiyar fage. Abin da waɗannan masoya suka rasa shi ne daɗin sanin abin da jama'a ba su sani ba, kuma sukan lissafa wannan hasara a kan kiɗan, alhali Automatic for the People na 1992 bai gaza Murmur a ƙwarewa ba.

Berry ya bar ƙungiyar a 1997, sauran suka watse a Satumba 2011. An rushe majami'ar da suka fara wasa a 1990, hasumiyarta kawai aka bari. Da aka fara rushe gadar katakon nan a 2000, masoya suka yi ca, har hukumar garin ta saye abin da ya rage. A 2022 kuwa yawan fayafayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987, kuma cikin masu sayen akwai matasan da ba a haife su ba sa'ad da Murmur ya fito. Su ba su da wata ajiya a cikinsa, kuma hukuncin da za su yanke wa gefensa na biyu shi nake ɗokin ji.